Cikin bonet ɗin tsohuwar mota ya yi kaca-kaca: ta ina ake farawa?

Tambaya: Wani mai karatu ya rubuto cewa ya mallaki Peugeot 504 ƙirar shekarun 1970, mai kafireta, wadda ta daɗe a ajiye. Injin yana tashi, amma cikin bonet ba ya kalluwa: baƙin mai ya haɗu da ƙura ya daskare, ƙarƙashin batir duk tsatsa, fentin da ke kusa da tukunyar man birki kuma ya saɓule. Yana so ya san ko ya kai ta a fesa mata ruwa mai ƙarfi sannan a bi ko'ina da baƙin fenti, ko akwai hanyar da ta fi wannan.

Amsa: Malam, Allah ya sanya alheri a motar. Ka samu abin riƙewa, domin 504 ta fito ne a 1968, ta kuma lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969, ga injin da bai cika rigima ba. Amma abubuwa biyun nan da ka ambata, feshin ruwa mai ƙarfi da bin ko'ina da fenti, ka jingine su tukuna. Su ne hanya mafi sauri ta mayar da mota mai tashi ta koma wadda ba ta tashi, su ne kuma suke shafe abin da ya sa tsohuwar mota take da daraja.

Abu na farko ba wanki ba ne, kallo ne. Dattin nan da ya dame ka shi ne zai gaya maka inda injin yake yoyo, kuma wanda ya wanke shi kafin ya duba kamar wanda ya share sawun ɓarawo ne kafin masu bin sawu su iso. Ɗauki tocila da wayarka, ka buɗe bonet da rana, ka bi injin daga sama zuwa ƙasa. Baƙin mai ƙasa yake gangarawa, iskar fanka kuma tana kora shi baya, saboda haka inda ya fi taruwa ba lalle nan ne yake fitowa ba. Nemi wuri mafi tsayi kuma mafi kusa da gaba da yake da danshin mai, a nan bakin zaren yake. Idan danshin ya faro daga gindin murfin bawul, gasket ɗin murfin ne ya bushe. Idan ka ga man ya yi zobe, ya fantsama a jikin bonet da gefunan gidan injin daidai layin fanbel, to sil ɗin gaban kiransha ne, fulin yana watsa shi yana juyawa. Ruwan lagireto yana barin wani farin ɓawo ko mai ɗan kore a bakin tiyo da gindin famfon ruwa. Fetur yana barin tabo mai ruwan ƙasa-ƙasa a jikin kafireta, wani lokaci ma sai ka ga ya wanke layi guda fes a tsakiyar datti. Baƙin hayaƙi busasshe a mahaɗar manifol da kan silinda kuwa alama ce ta gasket ɗin salansa da ya ƙone. Duk abin da ka gani ka ɗauke shi hoto.

Hoton ma kada ka yi masa rowa. Ta kowace kusurwa, na nesa da na kusa: yadda kowace waya ta bi, ta wane gefen tiyo ta wuce, ina aka ɗaure ta, ta wace fuska kan kowane kilif yake kallo, wane rami sifirin ɗin totur ya maƙale. Yau kana ganin ba za ka manta ba. Bayan wata biyu, da kwali cike da ƙananan ƙarafa a gabanka, hoton nan ne kaɗai zai cece ka.

Daga nan sai ka zauna ka yanke shawarar zurfin aikin, ka kuma gaya wa kanka gaskiya. Akwai wanki da gyaran abin da ya lalace, injin yana zaune a inda yake. Akwai kuma sauke inji, a kwashe duk abin da ke jikin bango, a kankare, a sake fenti. Na biyun aiki ne na watanni, kuma gareji da yawa a duniya suna ɗauke da motocin da aka kwance da wannan niyya ba a sake haɗa su ba. Abin da ba ya yin kyau ko kaɗan shi ne na tsakiya, wato a bar komai a wurinsa a fesa fenti ta saman wayoyi da tiyo da noti. Duk wanda ya san mota, da ya ɗaga bonet zai gane, kuma zai ɗauka akwai abin da ake ɓoyewa. Ni a ganina, tunda injinka yana tashi, fara da na farkon. Sau da yawa idan aka cire man da ya daskare sai a tarar fentin kamfani yana nan lafiya a ƙarƙashi, domin man nan da ake ƙyama shi ya hana ruwa taɓa ƙarfen shekara da shekaru.

Fentin asali kuwa sau ɗaya ake samunsa. Masu harkar tsofaffin motoci sun daɗe da juyowa ga wannan ra'ayi. Ƙungiyar FIVA ta masu tsofaffin motoci ta duniya, wadda take ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi, ta amince da Yarjejeniyar Turin a 2012, kuma jigon yarjejeniyar shi ne a adana kayan asali gwargwadon iko. A 2024, a gasar baje kolin tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Amurka, wata Bugatti Type 59 ta 1934 da ba a sabunta ta ba ce ta zo ta ɗaya a kan dukkan motocin da suka sha kwalliya, karo na farko da mota daga rukunin waɗanda aka adana yadda suke ta yi haka. Ba cewa nake 504 ɗinka za ta je can ba. Abin nufi, idan ka ci karo da ɗigon fenti rawaya ko ja a kan wani noti, ko rubutun alli a bangon da ya raba inji da cikin mota, ko tsohuwar takardar gargaɗi a jikin gidan matatar iska, to hannun ma'aikatan kamfani ne, ka zagaye su. Farantin lambar shasi da lambar da aka buga a jikin bulok kuwa, kada sanfefa ko burushin ƙarfe su kusance su. Lambar da ta nuna alamar an goge ta tana jawo tuhuma a wurin mai saye da kuma wurin hukuma.

To, shirin wanki. Injin ya kasance ya huce. Ɗan ɗumin da za ka iya ɗora tafin hannu ka bar shi yana taimakawa wajen sassauta mai, amma ruwan sanyi a kan manifol mai zafi yana iya tsaga shi. Cire batir gaba ɗaya ka fitar da shi daga motar, kuma ka fara kwance kan da aka haɗa da jikin mota, domin idan sifana ta taɓa ƙarfe a lokacin ba abin da zai faru. A 504 wannan shi ne kan nagatif. Na faɗi haka ne saboda ba kowace tsohuwar mota ce haka ba: motocin Ingila da yawa, irin su MGB kafin 1967, kan fozitif ne yake haɗe da jiki, haka ma motocin Ford na Amurka masu batir bolt 6 kafin 1956. Wanda yake da irin waɗannan ya duba kafin ya sa sifana.

Sai rufe abin da ba ya son ruwa. Cire gidan matatar iska ka wanke shi daban, ka toshe bakin kafireta da tsumma mai tsabta, ka ɗaure leda a kai. Ruwa ba ya matsuwa, idan ya shiga silinda da yawa aka buga kik, sandar fistan ce take lanƙwashewa. Distiributa, kwayil, altaneta, akwatin fiyus, duk a sa musu leda a ɗaure da roba. Duba sandar auna mai ta zauna daram, murfin zuba mai da na man birki su ma haka. A injin 504 akwai wani wuri da ake mantawa: filoginsa suna can ƙasan wasu dogayen bututu da suka ratsa murfin bawul. Ruwa yana shiga ya kwanta a ciki, ba a ganinsa daga waje, sai dai ka tayar da mota ka ji tana ɗingishi da silinda uku. Toshe bakin bututun, kuma kada ka kwance filogi sai ka tabbata ramin ya bushe, in ba haka ba duk abin da ke ciki cikin silinda zai faɗa.

Shimfiɗa kwali da faffaɗan tire a ƙarƙashin motar. Abin da zai zubo guba ne, ba a barin ƙasa ta sha shi, ba a kora shi kwata. Ruwan lagireto musamman, sinadarin da ke cikinsa yana da zaƙi-zaƙi, dabbobi suna lasa, kuma kaɗan ya isa ya lalata ƙoda.

Rabin aikin a bushe ake yinsa. Samo ɗan katako mai faɗin baki ko abin kankara na roba, ka bi man da ya daskare a kan ƙarfen da ke ƙarƙashin inji, gefen bulok, da akwatin sitiyari. Za ka ga yana ɓamɓarowa gunduwa-gunduwa, baƙi ƙirin a waje, ciki kuma cike da yashi. Duk wanda ka cire a haka ka huta da narkar da shi. Ganye da ƙasa da suka taru a lunguna, musamman gindin gilashin gaba da bayan fitilu, a zuƙe su da injin shara. Kada a hura su da iskar kwamfireso, kuma dalilin yana da nauyi: motocin wancan zamani suna iya ɗauke da asbesto a gasket ɗin salansa, a allon kare zafi, a kulochi da birki, wani lokaci har a abin da aka manna a cikin bonet. Ƙurarsa idan ta shiga huhu ba ta fita. Duk wani abu fari ko toka-toka mai zare-zare da ka gani kusa da salansa, jiƙa shi kafin ka taɓa, ka sa takunkumi na gaske mai matata.

Yanzu abin narkar da mai. Fetur na wanke mai tas, shi ya sa ake yawan kai hannu gare shi, amma tururinsa yana kama wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, kuma ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasa ya yi ta rarrafe har ya tarar da tartsatsi. Kananzir ba ya fitar da tururin da zai kama sai ya kai wajen digiri 38, yana kuma yin aikin. Shafa shi da burushin fenti, ɗan wuri kaɗan a lokaci guda, ka bar shi ya jiƙa, ka cuɗa da tsohon burushin haƙori a lunguna, ka share da tsumma. Kada ya daɗe a kan roba. Bayansa sai sabulun cire maiƙo da ake sirkawa da ruwa, kuma a nan ne mutane suke yin gyaran gangar Auzinawa. Masu ƙarfin cikinsu, da kuma abin wanke tanda, suna ɗauke da soda mai ƙuna, ita kuwa cin alminiyam take yi. Bulok ɗin injinka ƙarfen zubi ne, ba ruwansa, amma kan silinda alminiyam ne, jikin kafireta kuma haɗin ƙarfe ne mai laushi da shi ma ba ya jure ta. Minti kaɗan ya isa ta bar musu tabo toka-toka ko baƙi wanda wanki ba ya fitarwa. Karanta jikin gorar, ka nemi wanda aka rubuta bai cutar da alminiyam, ka sirka shi yadda aka ce, ka gwada a ɓoyayyen wuri, kuma kada ka bari ya bushe a jikin komai.

Ɗauraya da ruwa mara ƙarfi, irin na gorar feshi ta hannu ko tiyo da aka sassauta. Motar zamani an yi mahaɗan wayoyinta da robar hana ruwa, ta shekarun 1970 kuwa mahaɗanta a buɗe suke, rigar wayoyin ta bushe ta tsattsage. Ruwa mai ƙarfi yana kutsawa cikin damin waya ya zauna, bayan makonni jan ƙarfen ya yi kore, ka fara fama da fitilar da ke kamawa yau ta ƙi gobe. Yana kore giris daga boris ɗin altaneta da famfon ruwa, yana kwantar da siraran fukafukan lagireto, yana ɗaye fentin da ya rage da takardun kamfani. Idan da hali, akwai masu wanki da busasshiyar ƙanƙara, wato iskar kabon da aka daskarar a digiri 78 ƙasa da sifiri. Ƙwayoyinta suna bugun datti su ɓace su koma iska, ba ruwa ba yashi, kuma a hannun gwani tana barin fentin asali har da rubutun alli. Sai dai ba ta cin tsatsar da ta yi zurfi.

Bayan ɗauraya, yanzu kam iskar kwamfireso ta yi amfani, a hankali, don korar ruwa daga lunguna da ramukan filogi. Cire ledoji, buɗe murfin distiributa ka share cikinsa, ka ɗan fesa man korar danshi irin WD-40 idan akwai raɓa, ka share kuma. Mayar da batir, tayar da injin ya yi zafi sosai har sauran danshin ya ƙone. Daga nan ka koma kan hotunanka na farko. Barbaɗa farar hoda a wuraren da kake zargi, ka yi 'yar tafiya, ka dawo ka duba: sabon mai zai zana baƙin layi a cikin hodar tun daga inda ya fito. Gyara yoyon nan kafin ka buɗe gwangwanin fenti ko ɗaya. Fenti ba ya kama ƙarfe mai maiƙo, wanda ya kama ma mai zai sake rufe shi.

Wurare biyun da ka ambata su ne ainihin aikin, bari in daɗe a kansu. Tsatsar ƙarƙashin batir ba irin sauran ba ce, asid ne ya haddasa ta, kuma asid ɗin yana nan a cikin ɓawon tsatsar. Idan ka kankare ka yi fenti a haka, zai ci gaba da cin ƙarfen ta ƙarƙashi. Kwaɓa bekin soda da ruwa ka zuba a wurin, za ka ga yana kumfa yana tsuwa. Ci gaba da zubawa kana cuɗawa har kumfar ta daina tashi, sannan ka ɗauraye. Bi duk inda asid ɗin ya gangara, domin ba a kan tiren yake tsayawa ba, yana sauka kan bangon gefe da ƙarfen shasi da ke ƙasa. Bayan ya bushe ka sa burushin ƙarfe, sannan ka ɗauki sukudireba ka caccaki wurin da ƙarfi. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa lotsawa yake ko ya ɓule. Inda ya ɓule babu maganin shafawa, sai a yanke a yi waldar sabon ƙarfe. Kuma idan za a yi walda, kada a goge wurin da abin wanke birki mai sinadarin kulorin, domin zafin walda yana mayar da shi iskar fosjin, wadda aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A kuma janye tiyon fetur daga kusa.

Fentin da ya saɓule a gindin tukunyar birki kuma aikin man birki ne. Nau'o'in man birki na DOT 3 da DOT 4 suna cin fenti, kuma saɓulewar tana nuna ko dai ana zubarwa wajen ƙari, ko tukunyar kanta tana yoyo ta baya. Leƙa mahaɗarta da babban gangan da take ɗaure a jikinsa, wato bustan birki, idan da danshi to maganar ta wuce kwalliya, gyaran birki ne, shi za ka fara yi. Sa'ar da aka yi, wannan man yana narkewa a ruwa, saboda haka ruwa da sabulu sun fi kananzir fitar da shi. Wanke wurin fiye da sau ɗaya, musamman cikin haɗin ƙarafa inda yake maƙalewa.

Inda tsatsa ta tsaya a sama kawai, kankare har ka ga hasken ƙarfe, abin da ya rage a cikin ƙananan ramuka kuma ka shafa masa maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, wanda yake mayar da ita wani abu mai tauri da ba ya ci gaba. Maganin ba ya aiki a kan ɓawo mai kauri ko a kan maiƙo, wannan shi ne dalilin da ya sa wasu suke cewa bai yi musu ba. A kai sai firaima ta ifoksi, domin ita ce take hana danshi ratsawa. Tsohon fenti da firaima suna iya ƙunsar dalma, don haka gara ka goge da sanfefa mai ruwa da ka tayar da ƙura.

Ƙananan ƙarafa kamar maƙalai da tiren batir idan yana kwancewa, akwai hanya mai sauƙi. Bokitin roba, ruwa da sodar wanki, da tsohuwar cajar batir. Haɗa ƙarfen da kake son tsabtacewa da wayar nagatif, wani guntun ƙarfen banza da ta fozitif, kada su taɓa juna, ka bar su kwana. Tsatsar za ta saki ba tare da an ci lafiyayyen ƙarfe ba. A yi a waje saboda iskar haidirojin da ke tashi, kuma guntun banzan kada ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa, domin yana sakin guba a ruwan. Sifirin da kusoshi masu ɗaukar nauyi kuwa kada a jiƙa su a asid ko a wannan bokiti, suna iya yin gautsi su karye daga baya. Noti da maƙalai masu ruwan zinare-zinare, rufin tutiya ne ko kadmiyam da kamfani ya yi musu. Wanke su kawai. Kadmiyam guba ne idan aka goge shi ya zama ƙura ko aka ƙona shi. Wanda yake son su dawo sabbi ya kai su wurin masu rufin tutiya, fentin zinare na gwangwani ba ya yaudarar kowa.

Alminiyam kuma ba a sa masa burushin baƙin ƙarfe, domin yana barin ɓurɓushi a jikinsa, bayan kwanaki ka ga ɗigon tsatsa a abin da ba ya tsatsa. Burushin tagulla ko na roba ya isa. Idan ka kai wani abu a fesa masa yashi ko ƙwayar gilashi, kada ya zama abin da mai ko iskar inji ke bi ta cikinsa, sai in za a iya buɗe kowane lungu a wanke. Murfin bawul yana da faranti a ciki da yashi ke ɓuya a bayansa, zafin mai ya sako shi daga baya, ya bi ta cikin metal ɗin kiransha. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Maganar launi gajeriya ce: bi abin da ka tarar. Motocin Turai da yawa, gidan injinsu launin jikin motar ne, ba baƙi ba. Baƙin bango ya fi yawa a motocin Amurka irin su Mustang, kuma shi ma ba mai ƙyalli sosai ba ne. A wancan zamani kowane kamfani da launin injinsa, Chevrolet da ruwan lemo, Ford da shuɗi tun daga 1966. Kwance wani maƙali da bai taɓa motsawa ba, ƙarƙashinsa za ka ga launin asali da irin ƙyallinsa, da shi za a haɗa maka fenti. Bulok yana son fentin inji, wanda aka saba yi ya jure wajen digiri 260, kuma a bulok da inji a zaune burushi ya fi feshi tsabtar aiki. Manifol ɗin salansa ya wuce nan nesa, yana haura digiri 500, sai fenti na musamman da ake gasawa da zafin injin a hankali, a kan ƙarfe tsirara. Lagireto shafi ɗaya siriri, mai kauri yana riƙe zafi. Idan fenti mai haɗi biyu za a fesa, wanda ake zuba wa abin taurarawa, bar wa mai ɗakin feshi da takunkumin da ake turo wa iska, sinadarin da ke cikinsa yana lalata huhu.

Ga wani abu da yake kama mutane bayan fenti: wayar da ke haɗa batir da jiki, da wadda ke haɗa inji da jiki, dole su zauna a kan ƙarfe tsirara. Fenti ba ya wuce da wuta. Idan ka ɗaure su a kan sabon fenti, kik zai yi nauyi, wutar kuma za ta nemi wata hanya, ta bi ta wayar totur ko ta cok har ta yi zafi ta narke rigarta. Kankare daidai faɗin wasa, ɗaure, sannan ka shafa ɗan giris a kai.

Roba ba a sabunta ta da shafe-shafe. Matsa kowane tiyon ruwa da hannu, wanda ya yi tauri kamar itace ko ya yi laushi ya kumbura a bakin kilif, canza shi. Tiyon fetur kuwa ko ya yi kyau a ido canza shi duka, domin fetur na yanzu a ƙasashe da yawa yana da haɗin itanol, wanda yake cin tsohuwar roba ta ciki. Nemi wanda aka buga wa SAE J30 R9 a jiki. Masu Volkswagen Beetle sun fi kowa sanin wannan: tiyon fetur da ya saki a saman distiributa ya ƙone da yawa daga cikinsu, ga kuma bulok ɗin injin da aka yi da haɗin magniziyam, wanda idan ya kama ruwa ƙara masa wuta yake yi. Kujerun inji su ma duba su, robar da ta sha baƙin mai shekaru tana zama kamar danƙo. Wayoyi a share su da tsumma mai ɗan danshin sabulu, wadda ta tsage a yanke a sa sabuwa mai kauri da launi iri ɗaya, saboda wanda zai bi taswirar wayarin nan gaba. Man ƙyalli mai silikon da ake fesa wa roba, ni ba na son sa a cikin bonet: yana kama ƙura, yana sa fanbel santsi, kuma idan ya taɓa wurin da za a yi wa fenti sai fentin ya yi ta ramuka.

Wajen mayar da wayoyin filogi, tsarin tashin injinka 1-3-4-2 ne, amma a injunan Faransa da dama ana fara ƙirga silinda daga ɓangaren giya, ba daga wajen fanka ba, saboda haka ka sa wa kowace waya lamba da salatif kafin ka zare ta. Tashin farko bayan aiki a yi shi a waje, bonet a buɗe, na'urar kashe gobara a kusa da hannu, wani ya buga kik kai kuma idonka yana kan kafireta da mahaɗan tiyon fetur. Sabon fentin manifol zai yi hayaƙi da wari na ɗan lokaci, wannan ba komai. Bayan injin ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku, bi duk kilif ɗin tiyo ka ƙara ɗaure su, domin sabuwar roba tana lotsawa a ƙarƙashinsu, ka kuma sake duba ruwan lagireto idan injin ya huce.